Yadda Ake Horar da Ido Kan Siffofi Kafin Jarrabawar Shiga Makarantar Likitancin Haƙori

Ɗalibin da ke Agege ko Idi-Araba mai son karatun likitancin haƙori a nan gida, hanyarsa sananniya ce. Zai rubuta JAMB da Turanci da Bayoloji da Kimistiri da Fizis, ya bi tantancewar jami'a, sannan ya yi shekara shida a Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas da ke Idi-Araba ko ta Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja. A duk wannan tafiya ba wanda zai ba shi zanen akwati ya ce ya juya shi a ka. Wanda kuwa yake hangen makarantun haƙori na Amurka bayan digirinsa na farko, shi zai ci karo da DAT, jarrabawar da Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka take shiryawa. A cikinta akwai wani sashe da ake kira PAT, gwajin yadda ido da ƙwaƙwalwa suke gane siffofi, wanda babu hadda a cikinsa ko ta layi ɗaya. Zane ne zalla, tambaya 90 cikin minti 60, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Wanda ya riga ya zama likitan haƙori a Najeriya yake neman lasisin can, tasa jarrabawar daban ce, INBDE, kada a haɗa su.

Ana zama DAT ne a cibiyoyin Prometric, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, a Amurka da Kanada, a kan kwamfuta. Ke nan shirin ne ake yi a Legas, zaman kuwa sai an yi biza da kuɗin jirgi, don haka ba jarrabawar da ake shiga don a ɗanɗana ba ce. Tun watan Maris na 2025 makin ya tashi daga tsohon ma'auni na 1 zuwa 30 ya koma 200 zuwa 600, kuma makin wannan sashe yana fitowa shi kaɗai, ba a cuɗa shi cikin matsakaicin makin sauran darussa. Idan ya yi ƙasa, babu inda zai ɓuya.

Dalilin da ya sa suke gwada wannan a fili yake ga duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin aikin haƙori. Likita yana aiki a bayan haƙorin sama ta cikin ɗan madubi, inda komai yake a juye. Hoton X-ray da na'ura ke ɗauka shimfiɗaɗɗe ne, ita kuwa saiwar haƙori tana da kauri da lanƙwasa. Idan za a sa wa haƙori hula, ana sassaƙe bangonsa da ɗan karkata ta 'yan digiri kaɗan, kuma ido ne ma'aunin. Saboda haka ko ɗalibin da zai ƙare a Idi-Araba bai yi asara ba idan ya bi atisayen da ke ƙasa.

Akwai masu cewa wannan baiwa ce, ko an haife ka da ita ko ka haƙura. Bincike bai goyi bayansu ba. A 2013 David Uttal da abokan aikinsa sun tattara nazarce-nazarce 217 a kan horar da wannan basira, suka ga tana ƙaruwa da atisaye, ƙarin yana daɗewa, har yana tsallakawa zuwa ayyukan da ba a yi horo a kansu ba. Tun 1971 kuma Roger Shepard da Jacqueline Metzler suka nuna cewa juya abu a ƙwaƙwalwa yana cin lokaci daidai da girman juyin: ƙarin digiri, ƙarin daƙiƙa. Wannan na biyun yana da amfani a aikace. Mai daƙiƙa 40 ba zai iya juya abu gaba ɗaya a ransa sau biyar ba. Dole ya koyi kama alama guda a jikin siffar ya bi ta.

Kayan aiki

Kuskuren da aka fi yi shi ne fara atisaye da agogo da allon waya. Hannu ne ke koya wa ido, don haka makonni biyu na farko na abin taɓawa ne. A tanadi kwalin sukari mai ƙwaya ko dunƙulen magi kamar 30, sabulun soda sanda biyu, wuƙa ƙarama, rula, ma'aunin kusurwa irin na cikin akwatin lissafin 'yan sakandare, almakashi, abin huda takarda na ofis, kwalaye marasa amfani irin na magani da na man goge baki da na ashana, da ƙwayar lido guda biyu. Duk ana samunsu a shagon unguwa ko wajen masu sayar da kayan rubutu a Yaba. Wanda yake da kafinta a kusa ya ce masa, "Malam, don Allah a taimaka mini da guntayen katakon da aka zubar, masu tsaga da masu huda." Waɗannan guntaye sun fi duk wani abin saye, domin siffarsu ba ta bin tsari, kamar dai na cikin jarrabawar.

Sashen PAT ya kasu gida shida, kowane gida tambaya 15, kuma kullum a jere ɗaya suke zuwa. Ba a jerensu za mu bi su ba. Za mu fara da waɗanda ake iya cinyewa duka da dabara.

Ƙirga dunƙule, tambaya ta 61 zuwa 75

Za a nuna gini na dunƙulaye masu fuska shida da aka manna da juna, a ce an shafe shi da fenti ta ko'ina ban da ƙasan da ya zauna a kai. Sai a tambaya: guda nawa ne fenti ya taɓa fuskarsu biyu, guda nawa uku. Ƙa'idar ita ce babu dunƙulen ɓoye sai wanda yake ɗauke da wani a kansa.

Kowane dunƙule ka fara masa da 5, tunda ƙasansa ba ya shan fenti, ko a ƙasa yake ko a kan ɗan'uwansa. Sai ka cire 1 ga kowane maƙwabcin da suka haɗa fuska da shi ta gefe, ka ƙara cire 1 idan akwai wani a kansa. Ɗauki sukari biyar ka gwada. Jera uku, na hagu da na tsakiya da na dama. Ɗora na huɗu a kan na hagu, ka ajiye na biyar a gaban na tsakiya. Na hagu ya rasa biyu, saura 3. Na tsakiya yana da maƙwabta uku, saura 2. Na dama 4, na gaba 4, na sama 5. Lura da na gaban nan: yana gogar na hagu da na dama ta kusurwa kawai, kuma gogar kusurwa ba ta rufe fuska. A nan sabon shiga yake zubar da maki.

Gini ɗaya yakan ɗauki tambaya biyu zuwa huɗu, don haka ba a ƙirga sabo a kowace tambaya. A rubuta 0 zuwa 5 a tsaye a kan allon rubutun da ake bayarwa a cibiyar jarrabawa, a bi ginin sau ɗaya ana sa sanda a gaban kowace lamba, daga baya zuwa gaba, daga hagu zuwa dama, kowane bene daga sama zuwa ƙasa, kuma kada a taɓa canza wannan tsari. In an gama a haɗa sandunan a gani ko sun yi daidai da yawan dunƙulayen. Idan bene mai hawa uku yana can baya, saman kaɗai ake gani, to akwai biyu a ƙarƙashinsa, kuma su ma sai an duba maƙwabtansu hawa-hawa: dunƙulen hawa na biyu yana da maƙwabci ne kawai idan benen da ke gefensa ya kai hawa biyu. Wanda ya yi gini 40 da sukari yana zana su yana ƙirgawa, da wuya ya sake faɗuwa a wannan gida.

Huda takarda, tambaya ta 46 zuwa 60

Takarda mai kusurwa huɗu daidai-wa-daida ake ninkewa sau ɗaya zuwa uku, a huda ta, a ce ina hudojin za su bayyana in an buɗe. Takardar ba a juya ta, ba a karkata ta, kuma hudojin suna faɗawa ne cikin gurbi 16, huɗu sau huɗu, kamar ƙaramin filin dara.

Yanka takardu masu santimita 8 ta kowane gefe, ka ja musu layi duk bayan santimita 2. Mu kira na kwance sahu, daga sama 1 zuwa 4, na tsaye kuma jeri, daga hagu 1 zuwa 4. Ninke rabin ƙasa zuwa sama, sannan rabin dama zuwa hagu. Yanzu takardar ta taru a kusurwar sama ta hagu, ninki huɗu. Huda sahu na 1 jeri na 2. Kafin ka buɗe, ka sa alama a wata takardar inda kake zato. Ana buɗewa ne daga ninkin ƙarshe zuwa na farko, kuma kowane layin ninki madubi ne. Buɗewar farko ta haifar da huda a sahu na 1 jeri na 3. Ta biyu ta sauko da su biyun zuwa sahu na 4, jeri na 2 da na 3. Huda huɗu ke nan. A ninkin tsakiya, 1 abokin 4 ne, 2 abokin 3.

Ninkin kusurwa zuwa kusurwa shi ke ruɗa mutane, alhali lissafinsa ya fi sauƙi. Idan layin ya taso daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, lambobin musanya wuri kawai suke yi: sahu na 3 jeri na 1 zai haifi sahu na 1 jeri na 3. Idan hudar ta faɗa a kan layin ninkin kansa, za a gan ta rabi, in an buɗe ta zama huda ɗaya cikakkiya, ba biyu ba.

Babban tarkon shi ne zaton cewa kowane ninki yana ninka yawan huda. Idan jeri na 4 kaɗai aka ninko a kan na 3, to jeri na 1 da na 2 takarda ɗaya ce ba ninki, hudar da ta faɗa can ba ta da abokiya. Don haka a kowace buɗewa ka tambayi kanka: ɓangaren da zan buɗe ɗin nan, shin ya kai har inda hudar take a lokacin da yake ninke? In bai kai ba, kada ka yi mata abokiya a ɗaya ɓangaren. Hudar da lissafi ya jefa wajen takardar kuwa, alama ce ta cewa an kuskure layin madubin.

Jera kusurwoyi, tambaya ta 31 zuwa 45

Kusurwa huɗu, a jera su daga ƙarama zuwa babba. Bambancin yakan zama na 'yan digiri, an kuma karkata kowacce ta fuskanci wani wajen, an ba wata dogayen hannuwa wata gajeru don ido ya ruɗe. Tsawon hannu ba shi da alaƙa da girman kusurwa. A kafa ido a daidai mahaɗar, a duba yadda bakin ya buɗe a ɗan tazara iri ɗaya ga duka huɗun. Ga kusurwa mai faɗi da ta wuce digiri 90, a miƙe hannu ɗaya a zuci a duba 'yar siririyar da ta rage kafin layin ya zama miƙaƙƙe. Wadda ragowarta ta fi ƙanƙanta ita ce babba. Agogon bango malami ne na kyauta, domin tsakanin lamba da lamba digiri 30 ne, tsakanin minti da minti digiri 6.

Atisayen gida: wani ya zana maka katuna da ma'auni ya rubuta amsar a baya, ya fara da tazarar digiri 10, bayan kwana uku ya sauko 5, sannan 3, sannan 2. A jarrabawa kuma a fara duba zaɓin amsoshin, sau da yawa gano mafi ƙanƙanta kaɗai yana kashe biyu daga cikin huɗu. Ba a yarda a kanga allon rubutu ko yatsa a jikin kwamfuta don aunawa ba, don haka kada a saba da hakan a gida. Shawararmu a nan ita ce a yi sauri a wuce. Daɗewa ana kallon kusurwa ba ya ƙara daidaito, ido ne kawai yake gajiya har duka huɗun su zama iri ɗaya.

Sama, gaba da gefe, tambaya ta 16 zuwa 30

Wannan gida ya fi kowanne buƙatar zama, kuma shi ne yake buɗe sauran biyun da suka rage. Ana nuna abu ta fuska biyu daga cikin uku, a ce a zaɓi ta ukun. Kallon sama yana saman hagu, kallon gaba yana ƙasansa, kallon gefe yana damansa, kuma daga dama ake kallon gefen. Cikakken layi yana nufin bakin da ido ke gani, tsinkakken layi kuma bakin da yake ɓoye a baya ko a ciki.

Wanda ya yi darasin zanen fasaha a sakandare yana da riba, amma da sharaɗi. A makarantunmu ana koyar da tsari biyu, kuma wanda aka gada daga Ingila yana sa kallon sama a ƙarƙashin kallon gaba. DAT tsarin Amurka take bi, sama a sama. In hannu ya saba da wancan, sai an warware shi tukuna.

Ɗauki sabulun soda ka yanka tubali mai tsawon santimita 6, tsayi 4, kauri 3. Daga kusurwar sama ta dama ka cire yanki mai tsawon 3 da tsayi 2, har ya ratsa kaurin duka, ya zama kamar matakala. Ajiye shi a tebur, ka durƙusa idonka ya yi daidai da shi, ka rufe ido ɗaya. Ta gaba za ka ga siffar matakalar. Ta sama za ka ga fili mai 6 da 3 da cikakken layi ya raba shi biyu. Ta dama za ka ga fili mai faɗin 3 da tsayin 4, da cikakken layi a kwance a tsakiyarsa. Yanzu juya sabulun matakalar ta koma hagu. Kallon sama bai canza ba ko kaɗan. Kallon gefe kuwa layin nan yana nan a inda yake, sai dai ya zama tsinkakke, domin bango ya tare shi. Wannan ɗan bambanci yana yawan fitowa a tambayoyin gidan. Sai ka ɗauki ƙusa ka huda sabulun daga sama har ƙasa: ta sama da'ira ce, ta gaba tsinkakkun layuka biyu ne a tsaye, ta gefe ma haka.

Kowace fuska biyu suna tarayya a awo ɗaya. Sama da gaba faɗinsu ɗaya, gaba da gefe tsayinsu ɗaya, sama da gefe kaurinsu ɗaya. Na ukun ne ke kayar da mutane, domin kaurin a tsaye yake a kallon sama, a kwance kuma a kallon gefe. Riƙe wannan: ƙasan kallon sama shi ne gaban abin, hagun kallon gefe ma shi ne gaban abin. Abin da yake kusa da ƙasa a can, kusa da hagu zai fito a nan.

Akwai dabarar da ta yaɗu ta ƙirga layuka a fuskokin da aka bayar a nemi amsa mai adadi iri ɗaya. Tana taimakawa wajen zubar da amsa ɗaya ko biyu, amma ba a dogara da ita, domin masu shirya tambaya suna iya ba duka zaɓin layuka iri ɗaya su bambanta su da cikakke da tsinkakke kawai. Ga kuma wasu abubuwa biyu da ƙirga ba ta kamawa. Idan bakin fili da na ɓoye suka hau kan juna, cikakken layi kaɗai ake zanawa. Sannan gangare da matakala da lanƙwasa duk suna iya ba da zane iri ɗaya ta wata fuskar: gwangwani ta gefe fili ne mai kusurwa huɗu, mazurari ta gefe alwatika ne. Hanyar da ba ta yaudara ita ce ɗaukar alama guda, tsaga ko huda ko tudu, a nemo ta a fuska ta farko da ta biyu, a yanke yadda dole ta fito a ta uku, a zubar da duk amsar da ta saɓa, sannan a ɗauki alama ta gaba. Kullum a zana abu uku na gida ta fuska uku, kofi ko kwaɗo ko filogin caja ko guntun katakon kafinta. Minti goma ya isa.

Kafar makulli, tambaya ta 1 zuwa 15

Ana nuna abu da kafofi biyar, a ce wacce ce zai ratsa daidai ba tare da ya bar sarari ba. Ana iya juya shi yadda aka so kafin a tura, amma da ya fara shiga ba a murɗa shi, kuma abin da kafar a ma'auni ɗaya aka zana su. A taƙaice inuwar abin ake nema. A gwada da rana tsaka a tsakar gida ko saman bene, a riƙe guntun katako a kan farar takarda a zana bakin inuwarsa ta fuska uku. Fitilar waya in an ɗauke wuta tana yi, sai dai tana kumbura ɓangaren da ya fi kusa da ita ta ɓata awo. Hasken rana ba ya yin haka.

Lotsawar da ba ta kai baki ba ba ta fitowa a inuwa. Inuwar gaba da ta baya kuma madubin juna ne, don haka kafar da ta zo a juye gaba ɗaya tana iya zama daidai. Wadda ba daidai ba ita ce wadda aka matsar da kunne ɗaya aka bar sauran, ko aka ƙara wa ƙafa kauri, ko aka rage tsawon wuya. Idan amsa biyu suka rage masu kama da juna, a daina kallon siffa a koma gwada awo: wannan tudun rabin jikin ne ko sulusinsa? A tuna kuma zanen a karkace yake, da'ira tana fitowa kamar ƙwai, kusurwar digiri 90 tana fitowa a buɗe ko a matse.

Naɗe kwali, tambaya ta 76 zuwa 90

Shimfiɗaɗɗen zane ne, a ce in an naɗe shi wace siffa zai bayar. Abin da ake gani a shimfiɗe shi ne wajen kwalin, don haka ana naɗewa ne zuwa baya. Tela mai yanka kaftani da mai walda da ke lanƙwasa faranti wannan aikin suke yi kullum ba tare da sun ba shi suna ba. A ɓare kwalin magani ta inda aka manna shi, a sa wa kowace fuska alama, a yi hasashen wacce za ta haɗu da wacce, a mayar a gani.

Dunƙule mai fuska shida yana da hanyar shimfiɗawa 11 kacal, kuma ya kamata a yanka duka a naɗe da hannu. A jere miƙaƙƙe, fuska biyu da guda ɗaya ta raba su suna kallon juna ne ta baya. Idan A, B, C, D suna jere, E da F kuma suna gefe da gefen B, to A kishiyar C ce, B kishiyar D, E kishiyar F. Kishiyoyi ba sa taɓa bayyana tare a hoto ɗaya, kamar yadda ba a ganin 1 da 6 tare a ƙwayar lido. Wannan kaɗai yakan zubar da amsa ɗaya ko biyu. Sauran kuma a duba kusurwar da fuska uku suka haɗu: in a shimfiɗe suna bin juna ta hannun agogo, a naɗe ma haka za su bi, amsar da ta juya su ƙarya ce. Ga siffofin da ba dunƙule ba, a nemi fuska mafi ban mamaki a zanen, a ƙirga gefunanta, a nemo ta a cikin amsoshin.

Tsarin makonni da rabon lokaci

Mako takwas zuwa goma, minti 40 kullum, ya fi zaman awa biyar ranar Lahadi, domin ido yana koyo ne da maimaici. Mako na 1 da na 2 hannu zalla, babu agogo. Mako na 3 da na 4 a koma tambayoyin kwamfuta gida-gida, har yanzu babu agogo, kuma duk tambayar da aka faɗi a gina ta da sabulu ko takarda a ga inda ido ya yi ƙarya. Daga mako na 5 a sa agogo a kan tambaya 15. Daga na 7 a riƙa yin 90 ɗin a zama ɗaya sau biyu a mako. Ƙungiyar da ke shirya jarrabawar tana sayar da gwajin atisaye a shafinta na intanet, kuma shi ya fi dacewa a auna kai da shi, tunda zanensa irin na ainihin ne.

A ajiye littafi na kurakurai, a rubuta dalili ba lambar tambaya kaɗai ba: na manta dunƙulen ɓoye, na yi wa huda abokiya inda babu ninki, na ɗauki hagu a matsayin baya. Bayan mako biyu za a ga dalili biyu ko uku ne suke ta dawowa, sai a tare su. Waya tana da amfani a cikin danfo ko BRT in cunkoso ya riƙe hanya, musamman ga ƙirga dunƙule, amma cikakken gwaji a yi shi a kan kwamfuta mai faɗin allo, a zaune, allon yana nesa da ido kamar tsawon hannu. Wanda yake ganin layuka suna rawa ko suna ninkuwa ya je a auna idonsa tun yanzu, domin sabon tabarau ma yana son a saba da shi.

Rabon da muke ba da shawara shi ne minti 11 ga kafar makulli, 12 ga fuska uku, 6 ga kusurwoyi, 8 ga huda, 8 ga dunƙule, 12 ga naɗi, saura 3 na komawa kan waɗanda aka sa wa alama. A aikace ke nan in an gama tambaya ta 30 agogo ya nuna saura 37, a ta 45 saura 31, a ta 60 saura 23, a ta 75 saura 15. Wasu suna tsallakawa su fara daga ta 31, su kwashe gidaje ukun tsakiya da ido bai gaji ba, sannan su dawo. Babu laifi, muddin an gwada hakan a gida sau da yawa, ba ranar aka ƙirƙiro shi ba. Ba a rage maki don amsa ta kuskure, saboda haka ba a barin tambaya babu amsa; wadda ta ci minti ɗaya ba ta warware ba, a zaɓi mafi kusa, a sa mata alama, a wuce.

A cibiyar ba takarda da fensir ake bayarwa ba, allon roba ne guda biyu da alƙalamin maka mai siririn baki, kuma ba a ninke allon. A sayi irinsu a saba zana gurbi 16 da jerin 0 zuwa 5 da su, domin maka yana cin wuri fiye da biro, hannu kuma yana goge shi in ba a kula ba. Sannan PAT tana zuwa ne kai tsaye bayan minti 90 na tambayoyin kimiyya guda 100, hutun minti 30 kuma sai bayanta. A makonni biyun ƙarshe, duk cikakken gwajin da za a yi a fara shi da awa ɗaya da rabi na Bayoloji da Kimistiri, sannan a shiga zanen ba tare da an tashi daga kujera ba.